Ranar Da Ƙanwata Ta Ce Ta Daina Cin Nama



Wata ranar Lahadi ce a gidanmu da ke kudancin Landan. Tun da safe Umma ta ɗora miyar taushe da naman ragon da ta sayo a Peckham, ga tuwon shinkafa an mulmula an jera a kula. Ƙanwata, wadda ta zo hutu daga jami'a, ta ja kujera ta zauna, ta leƙa tukunya, sannan ta ce cikin irin Hausarmu ta 'yan nan mai ɗan karkacewa: "Umma, a ba ni tuwon kawai. Na daina cin nama."

Umma ta ajiye ludayi. "Kin daina me?"

"Nama. Da kifi, da ƙwai, da madara. Na zama bigan."

"Bigan kuma? Wace ƙungiya ce wannan?"

Baba ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ƙyale ta, Hajiya, yunwa za ta dawo da ita hanya." Kafin magariba labari ya kai Kano. Goggo ta bugo waya tana tambaya ko yarinyar nan ƙalau take, ko kuwa a nemi malami ya yi mata tofi.

Ni dai dariya na sha har da riƙe ciki. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Bayan kamar wata ɗaya da rabi Baba ya je gwajin jini, sakamako ya fito, awon sugansa na wata uku ya haura 48, wato iyakar da likitoci a Ingila ke cewa mutum ya kamu da ciwon suga nau'i na 2. Ga hawan jini dama yana fama da shi. Aka rubuta masa magani, aka haɗo shi da wata 'yar takarda mai hotunan abinci: a rage jan nama, a rage farar shinkafa, a ƙara wake da ganye da hatsin da ba a surfe ba. Baba ya juya takardar gaba da baya, ya ga hotunan wasu ganyayyaki da bai taɓa ɗauka abincin mutane ba ne, ya ce, "Wannan ai na zomo ne."

Daren nan na sauko shan ruwa na tarar da Umma zaune a kicin ita kaɗai, takardar na gabanta. Matar da ta shekara talatin tana yi wa mutumin nan girki ta dube ni ta ce, "To ni yanzu me zan dafa masa?"

Wannan tambayar ce ta sa na zauna na yi karatu a kan batun, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Ƙungiyar Diabetes UK ta ce baƙar fata 'yan asalin Afirka sun fi Turawa yiwuwar kamuwa da wannan ciwo ninki biyu zuwa huɗu, kuma haɗarin yana fara mana tun daga shekara 25, alhali su sai wajen 40. Ashe maganar har da mu matasa.

MASU CIN GANYEN MA KALA-KALA NE

Mu a wurinmu duk wanda ya ƙi nama sunansa ɗaya, mai cin ganye. Amma da na duba sai na ga hanyoyin suna da yawa, kowace da dalilinta.

Akwai bejiteriyan. Waɗannan ba sa cin nama, ba kaza, ba kifi, amma suna shan madara, suna cin cuku, da yawansu har da ƙwai. Ƙungiyarsu ta nan Ingila, Vegetarian Society, tun 1847 aka kafa ta a garin Ramsgate. A Indiya kuwa miliyoyin mutane gadonsa suka yi, kuma duk wanda ya yi makaranta da 'yan Gujarat a Leicester ko Wembley ya ga abin da ke cikin kwanon abincinsu na rana.

Sai bigan, irin ƙanwata. A 1944 wani Bature mai suna Donald Watson da wasu abokansa suka ga barin nama kaɗai bai isa ba, suka kafa Vegan Society, kuma su suka ƙirƙiro kalmar. Duk abin da ya fito daga jikin dabba sun haƙura da shi, har zuma, har takalmin fata. Asalin dalilinsu tausayin dabbobi ne, amma matasan yanzu sun ƙara da batun muhalli. Wani babban nazari da mujallar Science ta buga a 2018 ya nuna cewa abincin da ɗan Adam ke samarwa shi ke jawo kusan kashi 26 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma nama da madara da ƙwai da kifin kiwo sun cinye kusan kashi 83 na filayen noma, alhali kashi 18 kacal na kuzarin da muke samu daga abinci suke bayarwa. Wannan lissafin ne ya juya tunanin ƙanwata.

Akwai kuma masu barin nama su riƙe kifi. Su sun huta da matsaloli da dama da za mu zo kansu a ƙasa, domin kifi, musamman mai maiƙo irin sadin da titus, yana cike gurbi da yawa.

Sai waɗanda ni na sa wa suna 'yan sassauci. Ba su haramta wa kansu komai ba, sai dai wake da hatsi da ganye su ne gindin abincinsu, nama kuwa baƙo ne mai zuwa jefi-jefi. Wasu kan ware rana guda a mako, kamar shirin Meat Free Monday da mawaƙi Paul McCartney da 'ya'yansa mata suka ƙaddamar a 2009. Wasu kan gwada wata guda, kamar Veganuary da aka fara a Birtaniya a Janairun 2014. Kwamitin masana na EAT-Lancet, a rahotonsa na 2019, ya ba da shawarar jan nama kusan giram 100 a mako. A mako fa! Wato abin da wasunmu ke cinyewa a tsaye gaban mai suya a matsayin ɗanɗano, kafin a naɗe musu na gida.

Kusa da su akwai tsarin cin abinci na mutanen gaɓar Bahar Rum, irin na Girka da kudancin Italiya: man zaitun, wake, ganye, 'ya'yan itace, kifi, nama kaɗan. Da kuma tsarin DASH da likitocin Amurka suka tsara musamman don masu hawan jini, mai yawan ganye da 'ya'yan itace da madarar da aka rage wa maiƙo.

Wasu kuma addini ne ko al'ada. Kiristocin Otodoks na Habasha ba sa taɓa nama ko madara ko ƙwai ranakun Laraba da Juma'a, da kuma azuminsu na kwana 55 kafin Ista, shi ya sa gidajen abincinsu suka ƙware a miyar wake da ganye iri-iri a kan injera. 'Yan Rasta na Jamaika suna da nasu da suke kira Ital, wanda duk mai yawo a Brixton ya sha ganin allonsa.

TO ME BINCIKE YA GANO?

A Amurka da Kanada akwai wani ɗarikar Kirista, Seventh-day Adventist, da yawan mabiyansa ba sa cin nama. Jami'ar Loma Linda da ke Kalifoniya ta daɗe tana bin lafiyarsu. A wani sakamako da aka buga a 2009, na mutum sama da 60,000, an samu ciwon suga nau'i na 2 a jikin kashi 7.6 cikin 100 na masu cin nama, kashi 6.1 na masu ci jefi-jefi, kashi 4.8 na masu kifi, kashi 3.2 na masu madara da ƙwai, sai kashi 2.9 na bigan. Ka ga abin kamar matakala ne, duk taki ɗaya da riba a cikinsa. Wannan shi ya fi ƙarfafa mini gwiwa, domin na san Baba ba zai taɓa zama bigan ba ko da za a ɗaure shi.

A nan Ingila, binciken EPIC-Oxford ya bi mutum kusan 48,000 na tsawon shekara 18. Sakamakon 2019 ya ce bejiteriyan da bigan sun fi masu cin nama ƙarancin ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da kashi 22 cikin 100. Sai dai kash, a binciken nan dai an ga shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a cikinsu da kashi 20. A 2020 kuma masu binciken suka sake bayyana cewa bigan sun fi masu cin nama karyewar ƙashi, musamman na ƙugu. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce na zo talla.

A lura, irin waɗannan nazarce-nazarce kallo ne kawai ake yi, ba a tilasta wa kowa abin da zai ci. Mai barin nama sau da yawa shi ne kuma ba ya shan taba, yana motsa jiki. Masu bincike kan yi ƙoƙarin cire tasirin waɗannan a lissafi, amma ba ya fita tsaf. Shi ya sa gwajin da ake raba mutane gida-gida a ba kowa nasa abincin ya fi nauyi. An yi irinsa a Sifen da mutum sama da 7,000, mai suna PREDIMED, inda tsarin Bahar Rum da ƙarin man zaitun ko 'ya'yan itace masu ɓawo irin su almon ya rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi 30. An kuma yi na DASH a 1997, inda masu hawan jini suka ga awonsu na sama ya sauka da kusan maki 11 cikin mako takwas, kuma saukar ta fi yawa a jikin baƙar fata. Da na karanta wa Umma wannan, sai da ta ce in maimaita.

Game da nama kansa, a 2015 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa sarrafaffen nama, irin su sosej da salami da naman gwangwani, cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji, ta ce giram 50 a kullum na ƙara haɗarin da kusan kashi 18. Jan nama kuma ta ce akwai yiwuwar yana jawowa. Kuma don Allah kada tambarin halal a jikin leda ya ruɗe mu. Halal ɗin sosej, sosej ne. Hukumar lafiya ta NHS ta ce mai cin jan nama da sarrafaffe da yawa ya sauko zuwa giram 70 a rana.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka buga a 2015. Aka ɗauki baƙar fata 20 a birnin Pittsburgh na Amurka, da mutanen karkara 20 a Afirka ta Kudu, aka yi musu musayar abinci na mako biyu. 'Yan Amurka suka koma cin masara da wake da ganye, 'yan ƙauye suka koma baga da soyayyen nama da cips. Cikin kwana 14 kacal alamomin haɗarin kansar hanji suka ragu a jikin 'yan Amurkan, suka ƙaru a jikin 'yan ƙauyen. Babban sirrin shi ne faiba, wato ɓangaren nan na dusa da ɓawon wake da jijiyar ganye wanda ciki ba ya narkarwa. Shi ke ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinmu, shi ke rage saurin shigar suga cikin jini, shi ke sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Nama ba shi da faiba ko ƙwaya. Ana son babba ya samu giram 30 a rana, akasarin mutanen Birtaniya kuwa ba sa kaiwa.

Na karanta wannan na tsaya ina tunani. Iyayenmu ma ai musayar nan suka yi, sai dai tasu ba ta mako biyu ba ce.

TUKUNYAR KAKA

Ka tambayi duk wanda ya tashi a ƙauyen ƙasar Hausa shekara hamsin da suka wuce sau nawa ake cin nama a gidansu. Zai ce maka ranar Sallah, ranar suna, ranar da aka yi babban baƙo, sai ko ɗan abin da maigida ya riƙo ranar kasuwa. Sauran kwanaki tuwon dawa ne ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa, daddawa ce ke ba ta ɗanɗano. Ga ɗan wake, ga alale, ga ƙosai da koko, ga kwaɗon rama da na zogale da ƙuli-ƙuli, ga dambu, ga fate, ga garau-garau. 'Yan uwanmu na zangon Accra da Kumasi suna da waake, wanda sunansa ma daga wake da shinkafa ya samo asali, yau kuma duk Ghana ake cinsa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye mata.

Tambayar da kowa ke yi wa ƙanwata ita ce, "To ina za ki samu abin gina jiki?" Amsar tana cikin kwanon nan. Furotin na hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da wake ke da shi a wadace, na wake kuma yana da ƙarancin wanda hatsi ke da shi. In aka haɗa su a yini guda, sun cike wa juna. Wake da shinkafa, ƙosai da koko, tuwo da miyar gyaɗa, duk haɗin nan ne. Tofu kuwa da ƙanwata ke sayowa a babban kanti cikin ruwa a roba, ranar da Umma ta buɗe ta ɗanɗana sai ta ce, "Yo wannan ai awara ce da ba a soya ba!" Kuma gaskiyarta, waken suya ne aka niƙa, aka tace, aka dafa, aka sa abu mai tsami ya kama.

Abin ban haushi da ban dariya shi ne yadda kayanmu suka shiga kantunan masu kuɗi. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka, a 2018 ta amince da acca. Zogale ana ɗura shi a kafso. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Mu kuma muna makarantar firamare muna ɓoye kwanon abincinmu kada yara su ce yana wari.

Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Kaka ba zaɓa ta yi ba, sau da yawa rashi ne, kuma rashin nan ya bar yara da tamowa da ƙarancin jini, har gobe ana fama da shi a wurare da dama. Sannan ita ta yi surfe, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta taka zuwa gona. Mu daga kujerar bas sai ta ofis. Abin da za mu ɗauka daga wurinta shi ne tsarin kwanon, mu haɗa da abin da yau aka sani.

BA DUK ABIN DA BA NAMA BA NE LAFIYA

Cips da lemon kwalba ma ai bigan ne. Masu bincike a jami'ar Harvard sun nuna a 2017 cewa masu cin kayan tsiro nagari, wato hatsi da dusarsa, wake, ganye, 'ya'yan itace, sun samu ragin ciwon zuciya da kusan kashi 25, amma masu cika ciki da farin fulawa da zaƙi da lemo sun samu ƙari da kusan kashi 32, duk da cewa su ma daga tsiro abincinsu ya fito. Haka bagar bigan da sosej ɗin bigan na cikin kwali, da yawansu gishiri ne fal.

Mu ma muna da namu tarkon. Dutsen farar shinkafa ko tuwon semo da 'yar miya a gefe. Ƙosai da awara da suka yi iyo a mai. Zoɓo da kunun aya da aka antaya wa suga. Dunƙule huɗu a tukunya ɗaya, ga gishiri, ga kanwa, alhali babba bai kamata ya wuce giram 6 na gishiri a rana ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da dunƙulen. Mai ciwon suga da ya bar nama ya ninka shinkafa, ya gudu ne bai tsira ba.

INDA AKE FAƊAWA RAMI

Duk mai son ya bi hanyar ƙanwata, ga abubuwan da ba a wasa da su.

Bitamin B12 shi ne na farko. Daga nama, kifi, ƙwai da madara ake samunsa. Zogale ba zai ba ka ba, daddawa ba za ta ba ka ba. Hanta tana ajiye shi na shekaru, don haka mutum zai iya daɗewa yana jin garau kafin gajiya da mantuwa da mutuwar yatsun hannu da ƙafa su fara, kuma in aka bari ya yi nisa yana lalata jijiyoyi. Dole bigan ya sha ƙwayarsa ko ya riƙa cin abincin da aka ƙara wa shi, balle mai juna biyu ko mai shayarwa. Wani abin da ban sani ba sai da Baba ya fara magani: metformin, wanda ake ba yawancin masu ciwon suga, shi ma yana iya rage B12 a jiki. In Babanku ko Mamanku na shansa kuma sun rage nama, a roƙi likita ya riƙa dubawa.

Na biyu sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, musamman ga 'yan uwa mata. Akwai shi a wake da ganye, amma jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Bitamin C na taimakawa, don haka a matsa lemon tsami a kwaɗo, a yanka tumatir da tattasai. Shayi kuma yana hanawa, sai a ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakaninsa da abinci.

Na uku ƙashi. Wanda ya bar madara ya nemi madarar waken suya da aka ƙara wa kalsiyam, ya riƙe riɗi da miyar kuka, domin ganyen kuka na da shi sosai. Bitamin D kuwa matsalarmu ce duka, mai cin nama da mara ci. NHS na ba masu duhun fata shawarar su duba yiwuwar shan maikurogiram 10 kullum duk shekara, saboda ranar ƙasar nan ba ta isar mu.

Na huɗu aidin. A Najeriya ana sa shi cikin gishiri, amma yawancin gishirin Birtaniya babu, mutanen nan daga madara da kifi suke samu. Wanda ya bar su biyun ya duba jikin kwalin madarar da yake saya ko an ƙara.

LAYYA FA? DA GIDAN MUTANE?

Wannan ya fi bitamin wuya. Kawu ya tsare ƙanwata wata rana ya ce, "Ke, abin da Allah Ya halatta ne za ki haramta?" Ta ce, "Kawu, ban ce haramun ba ne. Na ce ni ba na ci." Ya yi shiru, domin shi kansa ya shekara goma bai sha suga ba kuma ba wanda ya tuhume shi. Da Sallah ta zo, da ita aka yi ta ƙulla nama a leda ana kai wa maƙwabta, ta dawo ta ci alalenta.

Ni kuma inda na saɓa da ita shi ne, ban yarda a haɗa sa ɗin da Bafillatani ke kiwo a daji, a ƙasar da ba ta noma sai ciyawa, da kajin da ake cusa dubbai a rumfa ɗaya a yanka su suna da mako biyar ko shida ba. Ta amsa mini da cewa kazar da nake ci a shagon kaza da cips na bakin tasha ba daga ruga ta zo ba. Nan kam ta kama ni.

Sai maganar ziyara. A wurinmu ƙin cin abincin mutum kusan zagi ne. Dabarar da ta koya ita ce ta bugo waya tun kafin ta je, ta ce, "Anti, don Allah a ɗebar mini miya kafin a zuba nama," ko ta riƙo kwanon kwaɗo ta ce gudummawa ce. Har yau ba wadda ta yi fushi. Wa'azi a kan tabarmar mutane shi ke ɓata zumunci.

YADDA MUKA ƘARE A GIDANMU

Yanzu tukunyarmu ɗaya ce, kwano ne ya bambanta. Umma kan haɗa miya da daddawa da albasa da kayan ƙamshi, ta rage dunƙule, ta ɗebar wa ƙanwata nata, sannan ta sa kifi ko ɗan nama a sauran. Baba ya zama ɗan sassauci ba tare da ya san sunan ba: nama sau biyu a mako, kifi sau biyu, sauran kwanaki wake ne ta fuska daban-daban. Rabin farantinsa ganye, mulmulen tuwo ɗaya maimakon uku, kuma na dawa ko acca ya maye gurbin na shinkafa a yawancin dare. Bayan isha'i yana zaga unguwa da ƙafa. Bai bar maganinsa ba, kuma don Allah kada kowa ya bar nasa saboda ya karanta wannan. Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya sanar da likitansa kafin ya yi babban canji, domin wataƙila a gyara masa awo. A gwajin da ya biyo baya lambar Baba ta sauko, bel ɗinsa ma ya matsa huda ɗaya. Yana nan yana ƙorafin an mai da shi akuya, amma ranar ɗan wake shi ke fara neman ƙari.

Ribar da ban zata ba ita ce ta ƙanwata. Yarinyar da da ƙyar take haɗa jimla uku da Hausa, yanzu in ta zo hutu tana kicin da Umma tana koyon yadda ake jefa ɗan wake, ta san bambancin rama da yakuwa, ta san surfe da bakace. Rannan suka kira Goggo ta bidiyo suna nuna mata faranti: ɗan wake da yaji da man gyaɗa, ga kwaɗon zogale a gefe. Goggo ta ƙura wa waya ido ta ce, "Au, dama wannan ne bigan ɗin? Mu da muka shekara muna yi, talauci muke ce masa."

Ɗan uwa, 'yar uwa, ba sai ka zama bigan ba, ba kuma sai ka jira takardar asibiti ta shigo gidanku ba. Wannan makon ka zaɓi kwana biyu ka bar nama, ka tambayi Mama abin da ake ci a gidansu tana yarinya, ka ce ta koya maka guda ɗaya. In shekarunka sun kai 25 kuma akwai mai ciwon suga a danginku, ka nemi a duba ka.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a abin da muke ci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Naku, daga kudancin Landan.